Harsashi biyu da tanki wayam

Jiya da la'asar mashin ɗina ya mutu a Ƙofar Ƙaura, mai ya ƙare ƙaf har rizab, ina tura shi ina haɗa gumi amma wallahi David McCampbell ne kawai a raina. Matuƙin jirgin yaƙi ne na sojan ruwan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen Japan 34 ya kakkaɓo, kuma har yau babu wanda ya kamo shi a sojan ruwansu.

Ranar 24 ga Oktoba 1944 ne, a yaƙin Leyte can Filifin, aka hango jiragen Japan wajen 60 sun nufo su, mutumin nan ya tashi daga kan jirgin ruwa Essex da jirgin yaƙinsa samfurin Hellcat ko gama cika masa tanki ba a yi ba, shi da abokin tafiyarsa Roy Rushing suka bi ayarin a baya suna tsinta ɗaya bayan ɗaya. Shi 9, Rushing 6. A tashi guda fa! Shekarar nan kuwa kakanninmu na dajin ƙasar Bama (Burma) suna fama da Japanawan nan dai.

To ni ba taran ce ta tsaya mini a rai ba, dawowar ce. Wurin saukar ba irin filin jirginmu na Umaru Musa 'Yar'adua ba ne da kwalta shimfiɗe, doron jirgin ruwa ne yana tafiya yana tangaɗi, akwai ƙugiya a wutsiyar jirginka dole ta cafki waya, in ta kuskure kuma babu man sake zagayowa to sai teku. Ya iso Essex babu wuri, aka tura shi wani jirgin ruwan, Langley, wanda bai kai Essex girma ba, saukarsa ke da wuya injin ya mutu. Da aka duba bindigoginsa shida, harsashi biyu suka rage.

Kuma ya san abin da yake gudu, don kafin nan shi ne mai tsayawa yana yi wa matuƙa jirage alamar sauka a kan wani jirgin ruwa mai suna Wasp, yana ciki aka nutsar da jirgin a Satumban 1942, ya sha ruwan tekun nan ya san ɗanɗanonsa.

Ni nawa a bakin titi ya ƙare, ga ɗan bumburutu da galan a gefe, amma sai da na yi mita har gida.