Kafin a sake cewa a datse sabis

Duk lokacin da ɓarayin daji suka yi wata sabuwar ɓarna a Arewa maso Yamma, sai ka ji wani a rediyo ko a Facebook yana kiran gwamnati ta sake datse sabis kamar yadda aka yi a 2021. Na san ciwon abin ne yake sa mutane faɗin haka, ban kuma ga laifinsu ba. Amma ni na yi shekaru ina aikin kula da janareto da batura a turakun sadarwa tsakanin Gusau da Ƙaura Namoda, kuma ina cikin Gusau aka rufe layukan. Abin da idona ya gani ya sa ba zan taɓa goyon bayan a maimaita ba.

Ga wanda ya manta, a ranar Juma'a 3 ga Satumba 2021 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe turakunsu a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Kwana biyu kafin nan aka kwashe ɗalibai sama da 70 a makarantar sakandare ta Kaya da ke Maradun, ga kuma raunin satar ɗaliban Jangebe da na Ƙanƙara bai warke ba. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato a 14, daga baya wasu sassan Kaduna. A lokaci guda aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka hana safarar shanu.

Hujjar da aka bayar tana da ƙarfi, ba na musun ta. Infoma gaskiya ne. Akwai mai zama a bakin tasha ya ga motar sojoji ta wuce ya ɗaga waya, akwai mai nuna gidan wanda ya sayar da hatsi. Da waya ake cinikin kuɗin fansa, da ita ake sa wanda aka kama ya yi wa 'yan'uwansa kuka don su sayar da gona. Wanda ya taɓa jin irin wannan kiran, in ya ce a farfasa turakun duka ba zan yi mamaki ba.

Sai dai wayar nan da ɓarawo yake amfani da ita, ita ce kuma ƙararrawar talaka. A ƙauyukan da nake kai man dizal, tsarin da mutane suka yi wa kansu shi ne, in an hango babura sun fito daga daji, ƙauyen farko zai buga wa na gaba, na gaba ya buga wa na gabansa, kafin su iso mata da yara sun shige gona ko sun tsallaka rafi. 'Yan mintuna ne kawai, amma rayuka da yawa sun tsira a cikinsu. Da aka datse sabis, wannan sarƙa ta tsinke. Ɓarawo yana da babur da mai da bindiga, zai iya aika yaronsa da saƙo. Manomi ba shi da komai sai wayarsa ta dannawa. A Oktoban shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo a Sakkwato aka kashe mutane da dama, a daidai lokacin da yankin yake cikin wannan duhu. Su kansu jami'an tsaro, da layin waya na kowa da kowa mutanen gari suke sanar da su.

Cikin gari ma ba a sha da daɗi ba. Layinmu akwai yaro mai POS, da shi yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ranar Asabar ya buɗe rumfa, ya kunna na'ura, ya ɗaga ta sama, ya juya ta gabas da yamma, ya mayar cikin leda. Bai sake buɗe rumfar ba sai bayan wata guda, jarin kuma ya tafi a cefane. A tashar mota sai ga wasiƙa ta dawo: mutum ya yage takardar littafin ɗansa, ya rubuta lambar waya a baya, ya ba direba da ɗan abin shan ruwa, ya roƙe shi in ya kai inda akwai sabis ya kira ya karanta. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don kira ɗaya ko don ganin alat, har ita ma Funtuwar aka rufe ta. Wata gwaggona ta rasu a ƙauye a cikin makonnin nan, 'ya'yanta da ke Kano ba su ji ba sai da aka yi sadakar uku. Har yau in maganar ta taso babban ɗanta shiru yake yi.

To su waɗanda aka yi abin dominsu fa? Igiyar rediyo ba ta san iyakar ƙasa ba. Wanda ke kusa da Jibiya ko Sabon Birni ko Isa, in ya hau tudu da layin Nijar a wayarsa, turken can zai iya ɗaukarsa, kuma NCC ba ta da iko da shi. Ga oba-oba, ga wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, wadda ba ruwanta da turke ko kaɗan. Mutumin da yake karɓar miliyoyi a matsayin fansa ba zai gagara sayen waɗannan ba. Wannan darasi ma ba sabo ba ne. A Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an rufe sabis, bayan 'yan makonni kuma sai da sojoji suka haramta Thuraya a Borno. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na san abin da turke yake iya yi, domin a gindinsa nake cin abinci. Duk kiran da aka yi, kamfani yana ajiye bayaninsa: lambar da ta kira, wadda aka kira, lokaci, tsawon magana, da turken da ya ɗauki kiran. Galibin turaku fuska uku gare su, kowace tana kallon nata ɓangaren, don haka ana sanin ta wace nahiya kiran ya fito. Wayar kanta tana da lambarta ta IMEI, wadda ba ta canzawa don an zare layi an sa wani. Gaskiya ne a daji turaku sun yi nesa da juna, ba za a ce ga bishiyar da mutum yake zaune a ƙarƙashinta ba. Amma mai garkuwa da yake kiran iyali ɗaya safe da yamma har tsawon wata, yana barin sawu a kowane kira. Idan aka kashe turken, babu sabon sawun da za a bi. Kuma ko da rufewar ta zama dole saboda wani farmaki na sojoji, ana iya kashe turke ɗaya, ko fuska ɗaya ta turke, na 'yan sa'o'i, daga ofis, ba sai an jefa jiha mai miliyoyin mutane cikin kurumta ba.

Ga kuma batun NIN. Tun Disamban 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, aka ce don tsaro ne. Mun bi layi cikin rana da ƙura, tsofaffi sun dangwala yatsa, a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kira. Mun yi biyayya domin an ce daga yanzu kowane kira yana da mai shi. To ina sakamakon? Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022 sun shafe watanni suna magana da waje. Ina so in ji hukuma ta fito ta faɗi adadin masu garkuwa da aka kama ta hanyar bin layi, da adadin masu sayar da layukan da aka riga aka yi wa rajista da sunan wasu waɗanda aka kai kotu. Wanda ya karɓi hoton yatsun mutane da sunan tsaro, bashi ne a kansa ya nuna abin da ya yi da su.

Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 148, ta ba NCC ikon ɗaukar irin wannan mataki idan an shiga halin gaggawa ko don kare lafiyar jama'a. Ikon yana da faɗi ƙwarai, shi ya sa mako biyu ya zama kusan wata uku. Wannan ne wurin da nake roƙon 'yan majalisarmu na tarayya, musamman na Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, su sa hannu. A rubuta cikin doka cewa duk umarnin rufewa sai an bayyana shi ga jama'a da sunayen wuraren da ya shafa da ranar ƙarewarsa, ƙarin wa'adi kuma sai da amincewar alƙali. A tilasta barin lambar gaggawa ta 112 tana aiki ko da an hana sauran kira. Bayan an buɗe, gwamnan da ya nemi rufewar ya je gaban majalisar jiharsa da lissafi: hare-hare nawa kafin, nawa a lokacin, nawa bayan, mutum nawa aka ceto, 'yan kasuwa nawa suka karye.

Akwai turakun da na sani a hanyar Zurmi da Shinkafi waɗanda masu kai dizal suke tsoron zuwa, batura su mutu, sabis ya ɗauke na kwanaki ba tare da umarnin kowa ba. In gwamnati tana neman abin da za ta yi da turke saboda tsaro, ta fara da raka motar man da jami'ai, a kuma sa musu sola da za ta riƙe su in hanya ta ƙi biyuwa.