Mashin ɗin da ya daɗe a jingine, kar a yi saurin buɗe masa ciki

Duk shekara daga wajen Oktoba, da ruwa ya ɗauke aka fara yankan riɗi, warsha ɗinmu, wato garejin gyara, nan Gadarif ta Sudan cika take yi da mashina masu ciwo iri ɗaya. Ƙasarmu baƙar laka ce, in damina ta zauna hanyoyin ƙauye ba sa biyuwa, sai mutum ya jingine mashin a zaure ko ƙarƙashin rumfa ya tare a gona wata uku wata huɗu. In ya dawo ya zuba fetur ya buga kik inji ya tashi lafiya lau, yana matse kuloci ya taka giya ta ɗaya sai ka ji ƙwas, mashin ya zabura gaba ya mutu, wani har ƙyauren gida yake duka. Nan take zai yanke cewa giya ce ta fashe, ya turo shi da hannu yana gumi yana lissafin kuɗi.

Abu na farko da na koya wajen usta ɗinmu, wato maigidanmu a warsha, shi ne tambaya kafin sifana. Ba ya taɓa noti sai ya ce Alhaji wata nawa ya yi a ajiye, a ina aka ajiye shi, wane baƙin mai ne a ciki, yaushe rabon a juye. Da farko gani nake surutu ne kawai na tsofaffi, ashe a amsar nan aikin yake ƙarewa tun ba a fara ba. In mutum ya ce ai lafiya lau na ajiye shi kafin damina, to giyarsa ba abin da ya same ta, farantan kuloci ne suka manne.

Kulocin irin su Boxer da waɗannan na China, har raksha mai ƙafa uku, cikin baƙin mai yake iyo. Farantai ne jere, ɗaya mai fata ɗaya ƙarfe zalla, sifirin na danne su gaba ɗaya, sai ka matse hannu suke ɗan rabuwa mai ya ratsa tsakani. To in mashin ya zauna ba mai matsawa, sifirin yana nan yana dannewa dare da rana har man da ke tsakani ya tsiyaye, wanda ya rage ya yi danƙo, ga raɓar damina tana shiga tana sa wa ƙarfen tsatsa, sai su liƙe kamar kisra, gurasarmu marar kauri, da aka jera tun jiya. Ka matse hannu wayar kuloci ta ja, murfin sama ya ɗaga, amma farantan suna nan a haɗe.

Shi ya sa muke fara duba waya, don ita ma bushewa take ko ta saki. Hannun kuloci yana son ɗan wasa kamar milimita 10 zuwa 20 a bakinsa, in ya wuce haka ko farantai lafiyarsu ƙalau ba za su rabu ba, ɗan mai da ɗaure noti ya gama magana. In waya daidai take sai a tada inji a firi a bar shi ya yi zafi sosai kamar minti goma ko sha biyar ana matsa hannu ana saki, a kashe, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a riƙe kuloci a matse a hau a riƙa tura shi gaba da baya, gaba da baya, wallahi mafi yawansu a nan za ka ji tas ya sake, taya ta fara juyawa ba nauyi. Daga nan a juye tsohon mai tun yana da zafi.

Abin da ke ba ni haushi yaran da ke murɗa wuta har ƙarshe su danna giya da ƙarfi wai a fizge shi. Wani lokaci yakan sake, ban musa ba, amma haƙoran giya da sarƙa ne ke biyan kuɗin, kuma in bai sake ba kai da mashin sai cikin mai shayi.

Waɗanda suka ƙi jin zafi da turi su ne na buɗewa, kuma mun gan su da yawa bayan mutanen da yaƙi ya kora sun fara komawa garin Madani a 2025, wanda Allah ya sa ya tarar da mashin ɗinsa ya tarar da shi ya haura shekara a tsaye. Irin waɗannan sai an cire murfi an ɓanɓare farantan ɗaya bayan ɗaya a hankali, a goge na ƙarfen da samfefa mai laushi, a ɗora kowanne kan gilashi a ga ko ya lanƙwashe, masu fatar a jiƙa su cikin sabon mai kafin a mayar yadda aka ciro su. Ba kullum ake buƙatar sabo ba, sai in fata ta ɓare ko ta cinye. Akwai masu sayar wa mutum seti guda alhali nasa wanki kawai yake so, a wannan tsadar, Allah ya shirya.

Sai maganar mai. Mutum ya ga ragowar man mota a galan ya zuba, shi kuma wani man motar santsinsa ya yi wa kuloci yawa, yau ya rabu da mannewa gobe ya dawo yana cewa mashin na ihu ba ya gudu. A duba jikin roba a ga an rubuta JASO MA, alamar man mashin ke nan, 20W-50 ya dace da zafinmu.

Wasu in za su tafi gona ɗaure hannun kuloci suke da igiya don farantai su zauna a rabe. Yana hana mannewa kam, amma ni ban cika so ba, wata huɗu waya da sifirin suna a ja. Gara ka bar wa ƙaninka makulli, duk Juma'a ya tada shi ya zaga unguwa ya canza giya biyu uku, in kuma ba ka yarda da ƙanin naka ba to ka ɗaure ɗin.