Tabarmar da ba a naɗewa a zaurenmu

A zauren gidanmu da ke Aboabo, cikin Kumasi a Ghana, akwai tabarma da tsohuwar katifa waɗanda ba a naɗewa. Na baƙin asibiti ne. Duk ɗan'uwan da aka turo babban asibitin Komfo Anokye daga ƙananan garuruwa nan yake sauka, da takardar likita a ƙulle cikin leda.

Makon jiya Inna ce, ƙanwar mahaifiyata. Ta sha doguwar tafiya a mota da ciwo a cikinta, kuma hoton ciki kawai ake so a ɗauka. Na ce, "Inna, asibitin garinku babu na'urar ne?" Ta ce, "Akwai, ɗan nan. Tana nan an lulluɓe ta da zane. Tun Babbar Sallah ta lalace, wai mai gyara sai daga Accra."

Wannan zanen ya tsaya mini a rai.

Mun fi son zancen gini. Da aka ƙaddamar da Agenda 111, shirin gwamnati na gina asibitoci 111, a 2021 na yi murna, har gobe ina so a kammala. Amma abin da ke riƙe ƙaramin asibiti ba a yanka masa kyalle: man janareta in an ɗauke wuta, maganin da ke kan kanta, ungozomar da za ta yarda ta zauna nesa da birni, da mai gyara.

Ni na ga zamanin da sai ka biya kafin a taɓa ka. Inshorar lafiya da aka kafa a 2003, lokacin Shugaba Kufuor, ta share wa talaka hawaye, ba mai musun wannan. Sai dai asibiti shi ke fara yin magani, daga baya ya nemi kuɗinsa, kuma asibitoci sun sha kokawa cewa biyan kan ɗauki watanni. Babban asibiti zai iya jurewa, yana da masu biya da aljihunsu. Ƙarami kuwa bashin dillalan magani ke taruwa a kansa har su daina kawowa, sai a miƙa wa mara lafiya takarda a ce ya saya a waje. Kuɗin gyara shi ake fara taɓawa.

A Madurai ta Indiya, asibitin ido na Aravind ya fara a 1976 da gadaje 11. Kuɗin masu hali ke ɗaukar nauyin marasa hali, kuma suna horar da masu gyaran kayan aikinsu. Wannan na biyun ne ya fi burge ni. Muna da Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi, inda yaran Zango ke tayar da injin da kowa ya fid da rai da shi. Me zai hana a horar da wasunsu, asibitoci uku ko huɗu su haɗa kuɗi su riƙe mutum ɗaya da babur?

Inna ta koma ranar Asabar, Alhamdulillahi da sauƙi. Kuɗin motarta da na jikarta da ta rako ta ya fi na hoton. An ce ta dawo bayan wata biyu a sake dubawa, don haka na ce wa yara su bar katifar inda take.