Daga Kurna zuwa Jami'ar Bayero: lissafin abin hawa

Daga Kurna nake zuwa sabon matsugunin Jami'ar Bayero da ke titin Gwarzo. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, don haka zaɓin ɗalibi bai wuce a-daidaita-sahu, bas, keke ko ƙafa ba. Duk na gwada su.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne tambayar kuɗin mota ɗaya. Abin tambaya shi ne hawa nawa ne. Ni hawa biyu nake yi, in sauka a Kabuga in sake shiga wata, ke nan hawa huɗu a rana, ashirin a mako. Naira hamsin da aka ƙara a kowane hawa ta zama dubu ɗaya ran Juma'a. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, wannan lissafin ne ya sa da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Shatar a-daidaita-sahu ta fi komai kwanciyar hankali, musamman ga ɗalibai mata, amma ita ce ta fi saurin watsewa. Mu huɗu muka haɗu, uku a baya, ɗaya kusa da direba. Abin da ke rusa ta ba direba ba ne, jadawali ne: wani darasinsa ƙarfe takwas, wani sai goma. Ku nemi 'yan aji ɗaya, ko ku yi shatar safe kawai, kowa ya dawo da kansa. A biya mako-mako, kada a ba da na wata a dunƙule, don in mashin ya kwana a gareji kuɗinku ya maƙale. Wanda bai fito ba ma zai biya kasonsa. Jira kada ya wuce minti goma. A kuma yanke tun farko yadda za a yi in mai ya tashi, in ba haka ba rigima tana nan tafe. Direban ya zama ɗan unguwa, wanda aka san gidansu.

Keke ya fi arha nesa ba kusa ba, sai dai yana son kulawa. Danna taya da yatsa kowace safiya, domin taya mara iska ce ke cizon tiyub a bakin rami. Tiyub ɗin da ya sha faci uku, canza shi. Da hunturu ƙura kan haɗu da baƙin mai a jikin sarƙa ta riƙa cin haƙoran, shi ya sa nake wanke ta da kananzir duk mako biyu, in ɗiga mai kaɗan in goge. Kwaɗo kuma a jikin ƙarfen keken ake sa shi, a haɗa da wani abu kafaffe. Wanda ya kulle tayar gaba kaɗai, ita zai tarar. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, sai da wata riga a jaka. A Agusta ruwa na rufe ramuka, ranar da hadari ya haɗu gara a bar shi a gida.

Bas tana da sauƙin kuɗi, amma ba ta tashi sai ta cika, ba ta dace da ranar jarrabawa ba.

Dawowa ce ke ba da wahala. Gab da magariba a Kabuga mutane sun yi yawa, abin hawa ya yi kaɗan, farashi ya hau. Kuɗin dawowa nakan ware shi tun safe, canji ƙanana, a wani aljihu daban da na abinci. Kwana uku a mako ina hawan keke, ranakun da darasi ke kaiwa yamma kuma in bi shata.