Abin da wata feret ta koya mini game da zubewar gashi

A watannin da na yi ina koyon aiki a wani asibitin dabbobi a cikin birnin Katsina, hannuna ya saba da ƙazuwa har na daina tsayawa in duba da kyau. Da zarar an kawo zomo mai ɓawo a kunne ko kare mai yawan susa, sai in zuƙo allurar ibamektin, maganin da ke kashe ƙwaron ƙazuwa, kuma galibi dabbar takan warke. Abin da ya fi cin lokacinmu ma shi ne wanke baƙin mai da kananzir da masu dabbobi kan shafa musu a gida, wanda sau da yawa ya fi cutar kanta lalata fata.

Wata rana cikin Afrilu wani Alhaji ya shigo da keji, a ciki akwai feret, wata doguwar dabba mai gajerun ƙafafu da ta yi kama da tunku, wadda ɗansa ya taho da ita daga Turai. Shekarunta 4, kuma gashinta ya zube tun daga wutsiya har tsakiyar gadon baya. Har na ɗauko sirinji sai babban likita ya dafa hannuna, ya ce, "Malam, shafa fatar tukuna, ka gaya mini abin da ka ji."

Fatar sumul take, babu ɓawo, babu ja, babu tabon farce, sannan zubewar ta yi daidai a dama da hagu kamar an auna da magwaji. Muka kankari fatar, muka ɗora abin da ya fito a gilashi da ɗigon mai, muka duba a madubin likita, ba mu ga ƙwaro ko ɗaya ba. A nan ya bayyana mini cewa ƙazuwa da makero ba su san daidaito ba, duk inda suka samu suke ci. Irin wannan zubewa kuwa a jikin feret da ta haura shekara 3, musamman wadda aka yi wa fiɗiya tun tana ƙarama, ta fi nuna ciwon wasu ƙananan sassan jiki biyu da ke kusa da ƙoda, waɗanda kan riƙa fitar da sinadaran jinsi fiye da kima. Maganinsa tiyata ce, ko kuma a dasa mata maganin deslorelin a ƙarƙashin fata. Da na yi allurar nan, da Alhaji ya koma gida yana jiran gashin da ba zai fito ba.

Likita ya rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya domin a ɗauki hoton cikinta. Ya kuma ja masa kunne kan tafiyar, domin feret takan galabaita idan zafi ya wuce digiri 30, alhali Katsina a bazara tana kaiwa 40. Ya ce su kama hanya bayan sallar asuba, su lulluɓe rabin kejin da jiƙaƙƙen tawul, kada kuma a bar ta ita kaɗai a cikin mota.