Lahadi, babu ƙwallo sai lissafi

Yau da nishaɗi na tashi. Wuta ta kwana, Maman Yara ta yi waina da miyar taushe, Auta ya cinye huɗu shi kaɗai yana neman ƙari. Makon wasannin ƙasashe ne, babu Firimiya, na ce to yau zuciya za ta huta. Na wanke mashin, na kai wa Hajiya maganinta, na zauna wurinta har azahar tana ba ni labarin bikin da za a yi a dangi bayan sallah. Ƙafar ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Bayan la'asar na leƙa majalisa. Na tarar da Kawu a kan benci, tunda yau bai fita Kwari ba. Dogo da Ɗan Chelsea sun riga sun kaure da musu, kuma ba a kan wanda ya iya taka leda ba, a kan kuɗi. Ran da babu wasa haka muke, kowa ya zama akawu. Dogo yana ta nanata cewa an zalunci Everton: an cire mata maki 10 a Nuwamba 2023, da ta ɗaukaka ƙara aka mayar 6, aka sake cire 2, Nottingham Forest ma aka cire mata 4, duk don sun wuce iyakar asarar da doka ta yarda a yi cikin shekara uku. Ita kuwa Manchester City tun Fabrairun 2023 aka jera mata tuhuma 115, kuma a kakar da aka yanke wa waɗancan maki ita ce ta ɗaga kofi. Ɗan Chelsea ya ce kowa da ƙarfin lauyansa.

Da na yi shiru da na tsira. Amma sai na ce ai duk waɗannan masu ƙungiya ne da ake kama su da laifin zuba kuɗi fiye da kima, mu namu kwashewa suke yi, kuma babu dokar da ta hana.

Kawu ya juyo. Shi ba ya goyon bayan kowa, ƙwallo ba ta dame shi ba, amma da ya ji zancen ciniki kunnensa ke tashi.

“Su wa ke kwashewa?”

Na ce iyalan Glazer, Amurkawan da suka sayi Manchester United a 2005. Na yi masa bayani yadda na fahimta, a hankali. Ƙungiyar ba ta da bashi kafin su zo. Malcolm Glazer ya saye ta a kan kusan fam miliyan 790, amma mafi yawan kuɗin ranto su ya yi, kuma ƙungiyar da yake saye ita ya bayar jingina. Da ciniki ya faɗa, bashin ya koma wuyanta. Tun daga ranar, duk shekara kafin a sayi ɗan wasa ko a gyara rufi, sai an fara cire kuɗin ruwa. Idan aka haɗa kuɗin ruwan da rabon riba da ladan bankuna, abin da ya fita ya haura fam biliyan 1. Shi kuwa uwar bashin, a rahoton kuɗin da suka fitar a 2025 ma dala miliyan 650 na nan ba ta motsa ba.

Kawu ya kurɓi shayi. “Tsaya, ɗan nan. Nawa ka ce sun saya?”

“Miliyan 790, Kawu.”

“Shi wannan Baturen da ya shigo daga baya fa, nawa ya ba su?”

Na ce Jim Ratcliffe, a farkon 2024, ya biya sama da fam biliyan 1 a kan kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ya ajiye kofin a kan benci, ya tafa hannu sau ɗaya. “Sun sayi raƙumi da kuɗin wani, sun sayar da cinya ɗaya fiye da kuɗin raƙumin, kuma akala na hannunsu. Ina laifinsu? A Kwari irin wannan kirari ake yi masa. Ni da na karɓi dila bashi, na sayar, na biya daga cinikin, me suka yi da ban yi ba?”

A nan na ɗan samu bakin magana, don wannan aikina ne, kullum ina kan littafin shago. Na ce Kawu, kai da ka ci bashi dila ta shigo shago, ana ganinta, ana taɓa ta. Wannan bashin babu abin da ya shigo da shi. Ko kujera ɗaya bai ƙara a filinmu na Old Trafford ba. Mai shago kawai ya sauya, aka bar shagon da biya. A Mayun 2024, ranar wasa da Arsenal, duk muna gidan kallo muka ga ruwan sama na kwarara daga rufin filin kamar indararo.

Ya gyaɗa kai, na ɗauka ya karɓa. Sai ya ce:

“To na ji. Amma kai mene ne naka a ciki? Ka taɓa taka garin? Kana da hannun jari? Rigar da ke jikin ɗanka ma a Sabon Gari ka saya, kwabonka bai je Ingila ba. Kai ɗan kallo ne. Ga Pillars nan a Ƙofar Mata, yaushe rabonka da yankar tikiti?”

Majalisa ta ɗauki dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, Kawu ba ya haka, har ya dafa kafaɗata. Ni kuma ba zan tsaya ina mayar wa ƙanin mahaifiyata magana a gaban mutane ba. Na ce haka ne, Kawu. Aka kira magariba, aka watse.

Tun daga lokacin maganar take cina. Na ci tuwo ban ji ɗanɗanonsa ba, har Maman Yara ta tambaya ko wani abu ya faru a wurin Hajiya.

Abin da na so in gaya masa shi ne, kwabona yana zuwa. Ba ta hanyar riga ba, wannan ya yi gaskiya. Amma duk Asabar da na miƙa kuɗin shiga a ƙofar gidan kallo, mai gidan yana tarawa ya biya kuɗin wata na tashar, tashar kuma ta biya Firimiya maƙudan kuɗi kafin a ba ta izinin haska wasa a Afirka, Firimiya ta raba wa ƙungiyoyi ashirin. Daga 2022, kuɗin da gasar ke samu daga tashoshin ƙasashen waje ya zarce wanda take samu a cikin Ingila. Ƙasashen wajen nan su wa ne? Har da mu, da muke cushe a rumfar kwano, inji na ƙara a baya, fanka ɗaya na juyawa a kan mutum tamanin. Idan ƙungiya ta je gaban kamfani tana neman talla ta ce tana da magoya baya ɗaruruwan miliyoyi a duniya, da kaina aka cika lissafin. Ana ƙirga ni ran neman kuɗi. Ran yanke shawara ne ba a san da ni ba.

Kuma ba don ina Kano ba ne. Wanda aka haifa a gindin filin ma haka yake. A ƙarshen 2024 aka mayar da tikitin da ya rage fam 66, babu ragi ga yaro, babu ga tsoho. An sallami ma'aikata 250, aka sake sanar da wasu har 200 a 2025, aka soke abincin rana na kyauta da ake ba ma'aikata, aka yanke kuɗin jakadanci da ake biyan tsohon koci Alex Ferguson. Duk wannan a ƙungiyar da ta samu sama da fam miliyan 660 a kakar 2023/24, ta kuma rufe littafi da asarar miliyan 113. Na san ba bashin kaɗai ya jawo ba. An yi ɓarna a kasuwar 'yan wasa wadda ba ta da alaƙa da banki: Sancho fam miliyan 73, Antony sama da 80, a sabunta wa koci kwantiragi a bazara a kore shi a Oktoba a biya shi diyya. Amma masu dafa abinci da masu sayar da tikiti ba su suka sayo Antony ba, su aka fara kora.

Wurin da nake ganin Kawu bai duba ba shi ne nan. A Kwari, idan ɗan kasuwa ya cuce ka a yadi, gobe sai ka wuce shagon gaba, shi ya sa yake tsoron ɓata maka. Ni ina zan wuce? Tun 1999 nake nan, tun daren da aka ci Bayern biyu cikin mintunan ƙarshe, ina yaro a tsugune a bayan manya a gidan maƙwabta. Rabonmu da kofin Firimiya tun 2013. Mun ƙare na 15 a 2025, Tottenham ta doke mu a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao, na dawo gida ban yi wa kowa magana ba, kuma da aka buɗe sabuwar kaka ni ne na uku a layin shiga. Bankin da ya ba da rancen nan ya san haka. Ya san irina ba sa tafiya, ko an ci ko ba a ci ba. Da wannan ya yarda ya bayar da kuɗinsa, don gini da ciyawa kaɗai ba za su biya shi ba. Shi ya sa kalmar ɗan kallo ta yi mini ciwo.

Dogo, kafin a tashi, ya jefo nasa. Wai ai Barcelona ta magoya baya ce, su ke zaɓen shugaba, amma a 2021 bashinta ya kai yuro biliyan 1.35, har Messi ya fita yana kuka don ba za a iya yi masa rajista ba. Gaskiya ne, ba ni da amsa mai ƙarfi a kai. Masu ƙuri'a ma suna zaɓen wanda ya yi musu alkawarin taurari, ba wanda zai tsare asusu ba. Sai dai su sun iya tara sa hannu har shugaban ya sauka. Mu a Mayun 2021, bayan maganar Super League, gasar da manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafawa su kaɗai, sai da mutane suka kutsa cikin fili aka ɗage wasa da Liverpool kafin masu ƙungiyar su yarda su zauna da magoya baya. A Jamus doka ta ce rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun 'yan ƙungiya, kuma filayensu cike suke.

Akwai abin da ban faɗa a majalisa ba. A 2023, lokacin da Sheikh Jassim na Qatar ke neman sayen ƙungiyar, har addu'a na yi Allah ya ba shi. Ban tambayi daga ina kuɗin suke ba, ban tambayi me zai faru ran da ya gaji ba, alhali na ga yadda Chelsea ta shiga a 2022 da aka ƙwace ta daga hannun Abramovich, ba a san ko za a biya albashi ba. Uban gida mai kyauta kawai nake nema a madadin mai kwasa. Wannan yana damuna fiye da maganar Kawu, don ya nuna ni ma ban taɓa tunanin ƙungiyar za ta iya tsayawa da ƙafarta ba.

Batun Pillars kuwa, ya same ni. Kofi huɗu, 2008 da kuma 2012, 2013, 2014 a jere, duk ina cikin fili a wasu daga cikin wasannin, muna ta “Sai Masu Gida” har murya ta dushe. Tun kafin ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022 ƙafata ta ɗauke. Ita kuma gwamnatin jiha ke riƙe da ita, kamar yawancin ƙungiyoyinmu, wato ita ma jiran uban gida take. Na iya kawo asarar United ta shekara biyu da ka, amma ban san nawa ake tarawa a ƙofa ran wasan gida a nan garinmu ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Sha ɗaya ta wuce. An ɗauke wuta.

Ɗazu da na fita rufe ƙofa na ga rigar Babba a kan igiya. Ita ce wadda Kawu yake nufi. Garnacho aka buga a bayanta, lamba 17, shi ya zaɓa da kansa bara, ya tara kuɗin tara na makaranta ya cika rabi. Da aka sayar da yaron ga Chelsea a kan fam miliyan 40, 'yan ajinsu suka sa shi gaba da tsiya, ya dawo ya ce ba zai ƙara sa ta ba. Ya tambaye ni me ya sa ake sayar da waɗanda suka taso a gida, ga McTominay ma an kai Napoli ya je ya ci kofi. Na san amsar: wanda ya taso a makarantar ƙungiya kusan ba a kashe komai wajen sayensa ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla a littafi, ita ke cike ramin asara. Ban san yadda zan faɗa wa ɗan shekara tara haka ba, sai na ce koci ne ba ya so.

Uwarsa ta ɗora tsumma ta bi da dutsen guga, ta ɓamɓare haruffan ɗaya bayan ɗaya da farce. Sun fita, amma inda suka zauna ja ya fi duhu, da fitilar waya ana karanta sunan sarai. Ya ce ranar Juma'a in kai shi wurin mai buga suna a rufe wurin da wani. Ya tambaye ni wa za a sa wanda ba za a sayar ba. Na ce ya bari in yi tunani.

Gobe kayan Kawu za su iso da sassafe, ni zan shigar da su littafi.