Manhajar kuɗi da faifan Baba

Yau da yamma a Gusau ɗan yayana ya sa mini wata manhajar tsara waƙoƙi a kwamfuta, irin wadda ake biya duk wata, wai in gwada. Waƙoƙin zamani kuwa nan take ta jera su, ga hoton mawaƙi, ga shekara, har na ce lallai kuɗi na aiki. Da ta iso kan tsofaffin kaset ɗin Baba da muka kwafe a memori, kiɗan kotso da waƙoƙin noma, sai ta tara su wuri guda ba suna. Yaron ya ce, "Kawu, daga intanet take ɗauko bayani, waɗannan kuma ba wanda ya shigar da su." Hajiya na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji tashin kiɗan kawai ta faɗi mai waƙar da sarkin da ya yi wa.

Wata babba a cikin irin waɗannan manhajoji, Roon, ta haura dala 800 in za ka saya gaba ɗaya, MusicBee da foobar2000 kuma kyauta ne. Ni dai zan sauke ta kyautar, in zauna da Hajiya mu rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya.